Me ya sa 'yan bola jari ke kwashe gwangwani su bar ledar fiya wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ana ta maganar tsarin da za a riƙa sake sarrafa kaya maimakon zubarwa. A unguwarmu kullum 'yan bola jari na yawo, amma da an yi ruwa kwatoci sun toshe da leda. Aikin gwamnati ne gyara wannan ko na kamfanoni? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki leƙa buhun yaron nan in ya zo wucewa. Za ki ga gwangwanin lemo, guntun ƙarfe, fasasshen bokiti da gorar ruwa, ba za ki cika ganin ledar fiya wata ba. Ba ƙyuya ba ce, lissafi ne. A kilo ake saye. Gwangwani na da masu jiransa, har da maƙeran da ke narka shi su zuba tukunya. Fasasshiyar roba akwai injinan da ke niƙa ta, ta koma buta ko silifa. Leda kuwa sai ya wuni yana tsinta kafin ta yi nauyi, ga laka, ga wanki, ga shanya, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abin da aka sa wa farashi shi ke komawa masana'anta. Tambayar ita ce wa zai sa wa ledar farashi.

Mun taɓa samun tsarin da ke aiki, kuma kamfanoni ne suka gina shi da kansu: kwalbar lemo. Mai shago ba ya bari ki tafi da ita sai kin ajiye kuɗi ko kin kawo wata, mota ta zo ta kwashi kiret, a wanke a sake cikawa. Kwalbar dukiyar kamfani ce, shi ya sa yake bin sawunta. Da aka koma gorar roba, kamfani ya huta da jigila da wanki, ɗawainiyar ta koma kan hukumar kwashe shara da masu unguwa. Ba wanda ya karya doka, sai dai an sauya wanda ke biya.

Nan ne aikin gwamnati. Jamus ta ɗora ajiyar santi 25 na kuɗin Yuro a kan gorar da ake sha a yar tun 2003, kina mayar da ita a na'urar kanti a ba ki kuɗinki, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na dawowa. Tarayyar Turai kuma ta wajabta cewa daga 2025 gorunan abin sha su ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na robar da aka sake sarrafawa. A ganina wannan ta biyun ta fi muhimmanci, domin daga man fetur ake yin sabuwar roba; duk lokacin da farashin mai ya faɗi, sabuwa kan yi araha, mai niƙa tsohuwa ya rasa ciniki. Dokar ta tabbatar masa da mai saye ko kasuwa ta juya.

A Najeriya ma akwai dokar a takarda. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta fito da tsarin ɗora wa mai ƙera kaya alhakin shararsa tun 2014, manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙungiyar FBRA a 2018 don tattara robobinsu, aka kuma amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020. Inda gizo ke saƙar shi ne masu fiya wata dubbai ne, yawancinsu ƙanana, da inji ɗaya ko biyu a cikin unguwa. Da ni ake shawara, da an haɗa ɗan harajin tattara leda da rajistar da suke yi a NAFDAC, kuɗin ya tafi kai tsaye ga masu sayen leda a kilo, ba asusun da ba a san inda ya nufa ba.

Hani kaɗai ba ya wadatarwa. Ruwanda ta hana leda a 2008 kuma ta tsaya a kai har a bakin iyaka. Nijar ta yi irin dokar a 2014, amma har yau a leda ake ƙulla wa mutum kaya a kasuwar Maraɗi. Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, ta faɗaɗa hanin a Yulin 2025, amma ba ta taɓa fiya wata ba, domin ba a hana mutum ruwan da yake sha alhali famfo ba ya kawowa.

Su kuma 'yan bola jarin, korarsu da aka yi a Abuja a farkon 2025 saboda satar murafen kwata da wayoyi tana da dalilinta, amma su ne ke yin aikin tattarawar da ba wata hukuma ke yi. Ya fi kyau a yi musu rajista, a ba su katin shaida da wurin auna kaya, a kuma binciki dillalan da ke karɓar kayan sata.