Imel ya cika, saƙon kwastoma yana ɓacewa

Hajiya, kin ce kina sayar da atamfa a Kantin Kwari, saƙonni sun yi miki yawa har na kwastoma yana ɓacewa. Ni ma na sha wannan. Yawancin tarkacen sanarwar Facebook ce da talla. Ki shiga saitin Facebook ki kashe sanarwar imel. Tallan kuwa, can ƙasan saƙon akwai wurin cire suna.

Ki kuma lura, gigabait 15 Gmail yake bayarwa kyauta, har da hotunan Google Photos a lissafin. In ya cika, sabon saƙo ba ya shigowa sam. Nawa hotunan biki ne suka cinye shi.

Yanzu sau biyu nake dubawa, bayan Azahar da bayan Isha'i. Mai gaggawa ai ta WhatsApp zai neme ki.