Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Juna Biyu Bayan Daskarewar Jini a Ƙafa

Tambaya: Likita, bara jini ya daskare mini a jijiyar ƙafar hagu lokacin da nake shan ƙwayar tazarar haihuwa. An ɗora ni a kan warfarin, maganin hana daskarewar jini, har yanzu ina sha. Yanzu na yi ɓatan wata, awo ya nuna ciki ne. Yaya zan yi? (Daga wata baiwar Allah a Zariya)

Amsa: Hajiya, ki ga likitanki yau ɗin nan, kada ki jira ranar awo. Warfarin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, kuma ɓarnarsa ta fi tsanani tsakanin mako na 6 zuwa na 12 na ciki, lokacin da ƙasusuwa ke ginuwa. Yana iya sa ƙashin hancin jariri ya ƙi girma, a ƙarshen ciki kuma yana iya jawo masa zubar jini a ƙwaƙwalwa. Rivaroxaban da apixaban, wasu ƙwayoyin hana daskarewar jini, su ma ba a ba mai ciki. Amma kada ki ajiye maganin ki zauna haka nan, canza miki za a yi.

Abin da ake komawa kansa allurar heparin ce, wadda aka fi sani ita ce enoxaparin, ko Clexane. Ba ta ratsa mabiyiya. Tun da ƙwayar tazara ce ta jawo miki matsalar, alama ce cewa sinadarin estirojin da ke cikin ƙwayar yana tayar miki da ita, ciki kuwa cike yake da shi. Saboda haka mai irin tarihinki tana fara allurar tun farkon ciki, kullum, har mako 6 bayan haihuwa. Don rigakafi, mai nauyin kilo 50 zuwa 90 akan ba ta miligiram 40 sau ɗaya a rana. Idan likita ya ga har yanzu ba a gama maganin tsohuwar daskarewar ba, adadin zai fi haka, kuma da nauyin jikinki za a lissafa shi.

Tambaya: Matata za ta riƙa yi wa kanta allurar a gida, amma tana tsoron ta soki yaron. Kuma ko asfirin zai wadatar, tun da allurar tana da tsada? (Daga wani magidanci a Maraɗi)

Amsa: Malam, bakin allurar gajere ne ƙwarai, a kitsen ƙarƙashin fata yake tsayawa, nesa da mahaifa. Ta wanke hannu, ta zaɓi gefen ciki, aƙalla santimita 5 daga cibiya, ko gefen cinya. Ta tattaro fatar da yatsu biyu, ta soka a tsaye, ta tura ruwan a hankali ba tare da ta saki fatar ba. Ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin kada ta fitar da shi, shi ke ture sauran maganin. Bayan ta zare kada ta murza wurin, murzawa ce ke kawo taruwar jini. Yau dama, gobe hagu, a lokaci guda kowace rana. A ajiye allurar inda zafi bai wuce digiri 25 ba, kada a bar ta cikin mota ko kusa da murhu.

Asfirin ba ya maye gurbinta. Tsadar gaskiya ce, to amma a faɗa wa likita da wuri a yi shiri, ya fi a riƙa tsallake rana a ɓoye.

Tambaya: Idan naƙuda ta taso ina kan allurar fa? Kuma zan iya wankan jego? (Daga wata mai karatu a Katsina)

Amsa: Da zarar kin ji naƙuda, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, kada ki yi allura ta gaba, ki tafi asibiti, ki faɗa musu awar da kika yi ta ƙarshe. Allurar kashe zafi ta baya sai an sami tazarar awa 12 bayan adadin rigakafi, awa 24 bayan babban adadi, don kada jini ya taru ya danne lakar baya. Irin wannan haihuwa ba ta gida ba ce.

Makonni 6 na jego sun fi watannin ciki haɗari, kuma a nan ne mata da yawa ke ajiye allura suna ganin an gama. Wanka da ruwa mai ɗumi babu laifi. Abin gudu shi ne ruwan da ke sa zufa mai yawa har jiki ya bushe, da yini a kwance, da matsa ƙafar da ta kumbura da sunan gashi, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ki tashi ki riƙa zagayawa tun ranar farko, ki sha ruwa sosai. Shayarwa ba ta hana heparin ko warfarin. Wajen tazara kuma ki guji duk ƙwaya mai estirojin, ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi dacewa da ke.

Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, musamman ta hagu, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon ƙirji, ko tari da jini, a nufi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.