Tambaya da Amsa: Wai me ya sa ruwa ke shigo mana gida duk damina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min da bayani. Ni a wajen Ƙofar Marusa nake cikin Katsina, gidanmu na gado ne kuma da can ruwa bai shigo mana, amma yanzu da an yi ruwa mai ƙarfi sai tsakar gida ta cika har ɗaka, ga rijiyarmu tana wari in damina ta yi nisa, yara ba su rabuwa da ciwon ciki. Maigida ya ce ruwan sama ne ya ƙaru, ni dai ban yarda ba. Sannan maƙwabta kullum da magariba sai sun cinna ma bola wuta. Miye mafita? Daga wata uwa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Maigidan naki bai yi ƙarya ba, akan yi mamakon ruwa a ɗan lokaci, amma gaskiya kin fi shi kusa da amsar. Ruwan ne ya rasa inda zai je.

Da, cikin birni cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasa aka gina gidaje da ganuwa, kuma su ke ɗaukar ruwan unguwa su riƙe shi har ya tsotse. To tun da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 garin ya zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, ga kuma bayin Allah da matsalar tsaro ta koro daga su Batsari da Safana da Jibiya a 'yan shekarun nan, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike kududdufi da shara ana yanka fuloti ana sayarwa, wani ma a tsakiyar hanyar ruwa zai dasa harsashi kuma ba mai ce masa uffan saboda da kuɗinsa ya saya. Kowa ya malale tsakar gidansa da siminti, ƙasa ba ta shan komai. Ɗan lambatun da ya rage kuwa leƙa kwalbatin bakin titinku ki gani, ledar piya wata ce da robar lemo da yashi. Leda ba ta ruɓewa Hajiya, shekara da shekaru tana nan. Wanda ya ga ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, da ta ci fiye da mutum 40, ba zai yi wasa da hanyar ruwa ba.

Maganar rijiya ta fi tayar min da hankali. Gidaje sun matse, masan maƙwabci na iya zama bango ɗaya da rijiyarki, alhali masana lafiya kamar mita 30 suke so a bari tsakani. In ƙasa ta jiƙe sai ƙazantar ta riƙa tsiyaya ciki, daga nan taifot da kwalara. Ku daina shan ruwan nan haka nan, ko a tafasa ko a sa maganin kulorin, a ɗaga bakin rijiyar da bulo a yi mata murfi, guga kuma kar a aje shi ƙasa. Yaro in ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari a tafi asibiti, ban da jiƙe-jiƙe.

Ƙona bola kuwa, hayaƙin leda da roba akwai guba a ciki, mai asma da jarirai su suka fi jin jiki, musamman da hunturu da hayaƙin ke kwanciya ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi. Kar ki je ki yi cacar baki da kowa, zaman tare ake. Maigida ya samu mai unguwa da liman, in ba a ji ba akwai hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, mu nan ko kwandon cefane mun daina ɗauka, tumatirin ɗari ma sai an ƙulla a leda biyu.

Roba ku ware ta, 'yan jari bola suna saye. Matasan layi kuma a haɗa su aikin gayya su yashe lambatu tun a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, kuma a kwashe abin da aka fito da shi a ranar, don in aka tara shi gefe ruwan farko zai maida shi ciki.