Kada Ka Mayar da Ita Admin

Ɗana, ka ce manhajar lissafin kuɗi ta ofishin nan tana buɗewa lafiya lau da asusunka, amma da zarar akantar ofishin ta shiga da nata sai ta fito da Access denied, kuma kana tambaya ko ka mayar da ita admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, kowa ya huta. Kada ka yi. Na san nan take aikin zai tashi, har ta yi maka godiya. Amma daga ranar, duk abin da ta danna, har da mugun fayil ɗin da wani zai turo mata ta imel, zai iya samun ƙarfin admin, ga shi kwamfutar a haɗe take da sauran na ofis.

Tunda ta buɗe maka, manhajar lafiyarta ƙalau. Wata ƙofa ce a kulle, kai kana da makullinta, ita ba ta da shi. Aikinka ka gano wace ƙofa ce.

Ka sauko da Process Monitor, kayan aikin da ke nuna duk fayil da foldar da manhaja ke ƙoƙarin taɓawa. Kyauta ne, yana cikin kayan Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006. Bari akantar ta shiga da asusunta, kai ka kunna shi da kalmar sirrinka ta admin, sannan ta buɗe manhajar har saƙon ya fito. Layuka za su zubo dubbai, kada su ruɗa ka. Ka tace da sunan manhajar, ka ƙara tacewa inda Result ya zama ACCESS DENIED, ka duba waɗanda suka zo daf da fitowar saƙon. A nan za ka ga ainihin folda ko fayil ɗin da aka hana ta.

Sau da yawa tsofaffin manhajoji ne, waɗanda aka rubuta a zamanin Windows XP lokacin da kusan kowa admin ne a kwamfutarsa. Suna son ajiye bayanansu a cikin Program Files, ko a rajista, ma'ajiyar saitunan Windows, ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE, wuraren da ma'aikaci na gama-gari karantawa kawai yake iya yi. To ka ba da izinin Modify a kan ƙaramar foldar bayanan nan kaɗai. Program Files gaba ɗayanta kuwa, ko kusa kada ka taɓa.

Idan adireshin da ka gani ya fara da \\, matsalar a uwar garke take, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin da ake rabawa, kuma nan ne yara da yawa ke tuntuɓe. Foldar da aka raba wa ma'aikata kwaɗo biyu gare ta, na shafin Sharing da na shafin Security. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Ko ka ba ta Modify a Security, muddin Read ne a Sharing, karatu kawai za ta yi. A shafin Security na foldar ka shiga Advanced, ka buɗe Effective Access, ka sa sunanta, ka ga abin da take da shi a zahiri. Ka lura kuma ko wani ya taɓa sa Deny a kan wani rukunin da take ciki, don shi yakan danne Allow.

Izinin, rukuni za ka ba, kamar na sashen kuɗi, ka sa ta a ciki. Ranar da aka kawo sabon akanta sai ka ƙara sunansa kurum. Amma ka sani, a lokacin shiga ne Windows ke lissafa rukunonin mutum. Sai ta fita daga asusunta gaba ɗaya ta sake shiga, kulle allo bai isa ba. Rubuta whoami /groups a Command Prompt daga asusunta ka tabbatar sabon rukunin ya fito. Na taɓa ɓata wuni guda a wani ofis ina canza izinin da tun safe daidai yake, saboda wannan kawai.

Abu na ƙarshe: idan ka kunna manhajar da Run as administrator ta ce ba ta ga faifan Z: ba, wato harafin da aka ba foldar uwar garke, ba ɓacewa ya yi ba. Harafin na asusun da ya haɗa shi ne. Ka ba manhajar cikakken adireshin uwar garken.

Je ka gwada. Duk abin da ka canza ka rubuta shi a littafin aiki da kwanan wata. Idan ta ƙi, ɗauko mini hoton layin Process Monitor ɗin mu duba tare bayan la'asar.