Amsa: Rigar Michigan, ta gaske ko jabu, da yadda ake wanke ta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi yadda za ka gane rigar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta jami'ar Michigan ta asali kafin ƙaninka ya sayo maka daga Amurka, da kuma yadda za ta daɗe.

Ka ce masa ya duba takardar da ke rataye a jikin rigar. Kayan da jami'a ta ba wa lasisi suna ɗauke da wani ɗan tambari mai ƙyalli, wanda masu jabu ba kasafai suke iya kwaikwayonsa da kyau ba. Tun 2016 rigunan ƙwallon Michigan na Jordan ne, reshen Nike, don haka in ya ga sabuwa da tambarin Adidas, ya ajiye musu kayansu. Launin kuma shuɗi mai duhu ne da ruwan masara. Kada ya kuskura ya kawo ja da toka-toka, wannan na jami'ar Ohio State ne, manyan abokan hamayyarsu!

Ni a ganina ya dakata sai Janairu, bayan an gama kakar wasa, lokacin shaguna kan karya farashi.

Wajen wanki ne mutane ke kashe rigunan nan. Ka juya ta bai-bai, ka wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ba bilic, ba murza lambobin. Ka shanya a inuwa, domin rana tana kashe launi. In mai wanki da guga za ka ba, ka ja masa kunne kada dutsen guga ya taɓa lambar, musamman na gawayi. Nan take take narkewa ta manne.