Sulusi, rubu'i da "juyin lamba"

Wani malamin firamare daga Kumo ya yi tambaya: "Ina koya wa yara cewa 4 da 1/4 'kishiyoyin juna' ne. Shin wannan Hausa ce daidai?"

Malam, a ganina "kishiya" ba ta dace ba. Kishiyar 4 ita ce -4, domin in an haɗa su sai sifili ya fito. Wadda kake nufi ita ce lambar da in an ninka 4 da ita sai a sami 1. Gara ka ce "juyin lamba", tun da juyawa ake yi kamar masa a tanda, na sama ya koma ƙasa.

Kuma tun da daɗewa muna da sunayen waɗannan lambobi, da muka aro daga Larabci ta hanyar karatun fiƙihu: sulusi juyin 3 ne, rubu'i na 4, humusi na 5, sudusi na 6, sumuni na 8, ushiri na 10. Rabi dai tamu ce. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji an ce matar mamaci tana da sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Yara da yawa suna zaton sumuni ya fi rubu'i saboda 8 ta fi 4. Ai yawan masu rabo shi ke ƙaranta kaso.

Wajen aiki, 3/4 juyinta 4/3. Cikakkiyar lamba a fara ɗora ta bisa 1: 7 ta zama 7/1, juyinta 1/7. Inda ake tuntuɓe shi ne irin su biyu da rabi. Yaro zai bar 2 a inda take, ya juya 1/2 kaɗai. Kuskure ne. Sai an mai da ita duka rabi-rabi, wato 5/2, sannan a juya ta zama 2/5. Ka sa ya gwada: 5/2 sau 2/5 ya ba da 10/10, wato 1. Alamar ɗebewa ba ta faɗuwa, -3 juyinta -1/3. Sifili kuwa ba shi da juyi, don duk abin da aka ninka da shi sifili ne.

Amfaninsa a rabo yake. Gero mudu 12, kowa za a ba shi 2/3 na mudu: sai a ninka 12 da juyin 2/3, wato 12 sau 3/2, mutum 18 ke nan.

Wata ɗaliba daga Azare kuma ta ce ko nan ne ake cewa "reshe ya juye da mujiya"? A'a, 'yata. Wannan ana faɗarsa ne in al'amari ya birkice wa mai shi, musamman wanda ya shirya wa wani tarko ya rufta ciki da kansa. Lamba kuwa ba ta yi asarar komai ba. In kin sake juya 4/3, 3/4 ɗinki za ta dawo.