Ciyawar yamma ko ta safe?

Tambaya: Raguna biyu nake kiwo don Babbar Sallah a wani ƙauye kusa da Ringim. Yara na kawo ciyawa da safe, wasu da la'asar. Wani dattijo ya ce in riƙa sayen ta yamma. Da gaskiyarsa?

Amsa: Da gaskiyarsa, Malam. Ganye yini yake yana haɗa abinci da hasken rana, abin da ya yi rara ya adana shi a matsayin sitaci. Rana na faɗuwa sai wasu sinadarai da ake kira amilas su shiga farfasa sitacin zuwa sukari, shukar ta ci, ta tura wa saiwa. Kafin asuba rumbun ya kusa ƙarewa. Ga kuma raɓa a jikin ta safe, ka ga har da ruwa ka saya.

Sai dai ka tambayi lokacin yanka, ba lokacin kawowa ba. Kada kuma ta kwana a cushe cikin buhu, domin ganye na ci gaba da numfashi bayan an yanke shi, yana cinye sukarinsa. In harawa za ka saya, duba yawan ganyenta, wannan ya fi lokacin yanka tasiri.

Tambaya: 'Yata wata 8, ba ta iya haɗiye koko mai kauri, sai na tsinka da ruwa. Ko in sayi abincin gwangwani a Bichi?

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Tsinkawa da ruwa ce ta dame ni, cikin yarinya ya cika amma abinci kaɗan ya shiga. Amilas ɗin nan yana da yawa a hatsin da ya tsira. Jiƙa gero, ki rufe kwana 2 zuwa 3 ya tsira, ki shanya ya bushe ƙarau, ki murje tsiron da saiwar ki zubar (na dawa ma guba gare shi), sannan ki niƙa. Dama kokonki da kauri, ya ɗan huce, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin. Cikin 'yan mintuna zai saki ba tare da ƙarin ruwa ba. Irin aikin da busasshen dankali ke yi wa kunun zaƙi ke nan. Ki sake tafasa shi kafin ki ba ta, nono kuma kada ya tsaya.